Harafin da Ya Kai Ni Nima

Tun da na dawo daga Gana, duk majalisar da na zauna sai an tambaye ni yadda ƙasar take. Wani ya ce na ga teku? Wani ya ce da gaske ne Hausarsu ba ta da mace? Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, kuma na lura kullum ina tsallake wurin da ya fi muhimmanci, don wurin bai yi mini kyau ba. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya.

Ba yawon buɗe ido na je ba. Yayar mahaifina, Hajara, wadda duk gidanmu na Tudun Wadan Zariya muke kira Baba, tun kafin a haife ni aka kai ta aure Akra, unguwar Nima. Mijinta Alhaji Mumuni shi ma Baba ake ce masa. A baki sunayen ba sa rikicewa, don muryar kiran ba ɗaya ba ce. A rubuce kuwa babu abin da ke raba su sai ɗan "ya" ko "ta" da ke biye.

Karatuna bai wuce sakandare ba. Rubuta manhajar waya a shagon wani na fara koya, sauran na tsinta a intanet. Da ƙungiyar zumunta ta su Baba a Nima ta nemi abin da zai riƙa tura sanarwar haihuwa da aure da rasuwa ga 'yan'uwa na nesa, ni na yi musu, ina ta taƙama. Sakatariyar ƙungiyar 'yar Baba ce, Adiza, malamar Islamiyya a unguwar Mamobi. Ita ke rubuta suna, ta taɓa "namiji" ko "mace", manhajar ta haɗa jimlar ta tura.

Wata rana da hantsi saƙo ya shigo wayoyinmu: "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba na gidan Nima ya rasu. Za a yi jana'izarsa bayan la'asar." Muka ce Allah ya jiƙan Alhaji Mumuni, dama ya tsufa. Mahaifina, Malam Sale, ya kira wayar yayarsa, a kashe. Sai ya ɗauki murya ya tura mata, yana ba ta haƙuri, yana ce mata ta riƙa cin abinci kada takaba ta kwantar da ita. Bayan kwana biyu aka kunna wayar, ya sake kira. Alhaji Mumuni ne ya ɗauka.

Ba zan maimaita abin da Malam ya faɗa a zauren dangi na waya ba. Ƙarshen maganarsa dai, yarinyar da ba ta iya raba uwarta da ubanta a magana ba, shi ba shi da abin cewa da ita. Adiza ba ta mayar ba. Ta fita daga zauren, ta daina ɗaukar kiran kowa daga Zariya. Ni kuma na yi gum. Na gwada manhajar a kwamfutata da sunaye kaɗan, ta rubuta "ta rasu" daidai, na rufe na ce ai ka gani. Amma akwai wani gyara da na yi mata watannin baya wanda ban taɓa gwadawa ba, kuma ina sane da shi. Gaskiya ban so na gano ba.

Da addu'ar arba'in ta matso, Malam ya ce ƙafarsa ba za ta taka can ba. Na ce ni zan je. Ya ce in yi wa Alhaji gaisuwa in dawo, ban da Adiza. Na sa kwamfutata a jaka ban gaya masa dalili ba.

Daga Zariya zuwa Legas babu abin faɗi sai ciwon baya. A Agege na shiga ƙaramar motar da ke zuwa Akra kai tsaye. Kusa da ni wani Bazabarme ne, Idi, mai sayen tsoffin ƙarafa a Tsohuwar Fadama, unguwar baƙin arewa a Akra. Mutum ne mai tambaya. Kafin mu fita daga cunkoson Legas ya san sunana da garinmu, ya koma kan sana'ata.

Na ce masa, "Ka ga wayar nan, kamar shago ce mai mutum biyu. Ɗaya yana gaba yana kula da kai, shi ne abin da kake gani kana taɓawa. In aiki ya yi nauyi sai ya miƙa wa na baya, don kada wayar ta tsaya cak. Na bayan nan, a sana'armu zare ake ce masa, ban san wanda ya raɗa masa ba."

"To shi zaren a ina yake zaune?"

"A bayan gida yake aikinsa."

Bayan fage nake nufi, baki ya suɓuce. Motar ta kwashe da dariya, har wata Hajiya a gaba ta waiwayo ta ce lallai aikin nasa mai nauyi ne. Da aka lafa na ƙarasa wa Idi cewa in na baya ya gama, ba ainihin abin yake miƙo wa na gaba ba, kwafinsa yake yi ya miƙo.

Ya ce, "Kwafin yana fitowa daidai dai?"

Na ce, "Daidai mana." Na juya ina kallon taga. Gyaran da na ce ban gwada ba, shi ne wannan: da 'yan ƙungiyar suka yi yawa wayar Adiza ta fara tsayawa, sai na mayar da aikin hannun na baya.

A bodar Seme kowa ya sauka da fasfonsa da katin allurar shawara. Na laluba ban ga katina ba. Na tuna Idi ya matsar da babbar jakata a Agege, nan take na hau shi da faɗa, na sa aka sauke buhunan mutane aka zaro ta, direba yana ta zagina da Yarabanci. Babu. Ina ɗaga murfin kwamfuta don in nuna wa ma'aikaci tana aiki, katin ya faɗo, ni na sa shi da hannuna. Na ba Idi haƙuri. Ya ce ba komai, amma in saya masa burodi a Kwatano. Burodinsu dogo ne kamar sanda, ɓawonsa yana yanka dasashi, a tsaga shi a zuba kifin gwangwani. Masu acaɓarsu duk riga ɗaya suke sawa, rawaya, sun cika titi kamar an watsa su.

A Lome na fara ganin teku sosai, don titin a bakinsa yake bi. Baba ta sha ba mu labarinsa. Duk zuwan da za ta yi Zariya, da kwalaben baƙin yajinsu da ake kira shito take zuwa, ta zauna a tabarmar tsakar gida tana rabawa, mu yara muna kwaikwayon yadda harshenta ya karkace. Ba ta fushi, sai ta jefe mu da mafici. Da na girma, duk wayar da muka yi sai ta ce, "Habibu, yaushe za ka zo ka ga ruwan da ba ya hutawa?" In ce bayan salla. Sallolin da suka wuce a haka suna da yawa. Ina kallon ruwan yana zuwa yana komawa, na ji ina son in kira ta in ce ga ni a hanya.

Bodar Gana a cikin garin take, ka taka kaɗan ka shiga Aflawo. A nan na fara jin Hausar Zango, wato ta Hausawan Gana, a bakin masu ita. Na sayi ruwa, na rasa wanda zan biya, wani mai tsire ya nuna mini wata mata ya ce, "Alaji, ka ba shi, shi ne mai ruwan." Allah ya yafe mini, daɗi na ji. Na ce a raina, ga shi nan, haka suke magana, ina ruwan manhajata.

Mun shiga Akra rana ta karkata. Idi ya sa ni a motar haya da suke kira torotoro, ya gaya wa mai karɓar kuɗi inda zai sauke ni, muka rabu. Nima ta fi duk yadda na zata cika. Daga babban titi ka faɗa lungu, lungun ya haifi wani, wani wurin sai ka karkace kafaɗa. Hausa ce ko'ina, amma kafin jimla ta ƙare an shiga Turanci an fito ta yaren Tiwi. Duk wanda na ce wa gidan Alhaji Mumuni sai ya ce, "Ei, inda Mma Hajara ya rasu?" ya nuna gaba.

Na sami tsohon a kan benci a ƙofar gida. Na durƙusa na yi masa gaisuwa. Ya riƙe hannuna ya ƙi saki.

"Habibu, ka zo? Ya jira ka, ya jira ka. Yanzu ya tafi ya bar ni."

Adiza ta fito da ruwa a kofi. Ni da ita taubasai ne, ɗan namiji da 'yar mace, tun muna yara ba ma gaisawa sai da tsiya. Ita ta ce mini ɗan ƙauye, ni in ce mata mai karyayyen harshe. Ran nan ta aje kofin ta ce, "Sannu da zuwa, Malam Habibu. Ya hanya?" Ta koma ciki. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

A ƙaramin ɗakin da Baba ke ajiye kayanta aka sauke ni. Kekenta na ɗinki yana nan a rufe da zane, ɗakin yana ƙamshin turarenta da daddawa. Wanka a gidan wankan unguwa ake yi, ka ɗauki bokitinka ka bi layi. Da safe koko da ƙosai, amma kokonsu yaji ne da shi har ya sa ni tari. Da hantsi aka kawo shinkafa da wake a cikin ganye, suna ce masa wace, an ɗora taliya da garin rogo da ƙwai da shito duk a kai. Na ce wannan ai abincin gida uku ne aka haɗa. Na cinye tas.

Addu'ar ma ba irin tamu ba ce. A wurinmu maza su taru a ƙofar gida da sassafe, a yi a watse. Su kuwa rumfuna aka kafa aka toshe lungu, aka jera kujeru, aka sa lasifika, mata suka fito da anko fari, ana karatu ana rabon abinci har azahar. Mutane suka yi ta zuwa suna gaya mini abin da Baba ta yi musu: wannan ta karɓi haihuwarta, wancan ta sasanta shi da matarsa. Kowa yana da Babar da ni ban sani ba. Wata tsohuwa ta tambaye ni, "Ina ƙaninsa, Sale? Bai zo ba?" Na ce ba ya jin daɗin jikinsa. Adiza tana bayana da tire, ta ji.

Washegari bayan an kwashe rumfuna na same ta tana wanke tukwane.

"Yaya Adiza, ina son ki ara mini wayarki."

"Ka yi me da shi?"

"Gwaji zan yi."

"Ba kun gama gwajinku a Zariya ba? Kun ce ni ne."

Na ce ban gama ba. Ta dube ni, ta goge hannu a zane, ta miƙo. Muka zauna a benci a tsakar gida, Alhaji yana gefe da carbinsa. Na haɗa wayar da kwamfutata, na toshe hanyar turawa don kada wani abu ya fita. Na ce ina buƙatar sunan da za mu gwada da shi.

Ta ce, "Sa nawa. Ai a wurinku na riga na mutu."

Na ƙi. Na ƙirƙiri wata Ladi, na ce ta taɓa "mace" da hannunta. Na zaɓi mutum kaɗan a matsayin masu karɓar saƙo, kamar yadda na yi a gida. Wayar ta rubuta: "Ladi ta gidan Nima ta rasu."

Adiza ta daɗe tana kallon rubutun. Ta ce, "To. Ni ne ke nan. Ranar ba na cikin hayyacina, wataƙila na taɓa namiji." Muryarta ta yi ƙasa. Ashe duk makonnin nan ita ma ta fara yarda.

A nan zan iya rufe kwamfutar. Na yi tunanin haka, ba zan ɓoye ba. Da na rufe, da babu wanda zai taɓa sani. Na ce, "Tsaya, saura ɗaya." Na zaɓi duk 'yan ƙungiyar gaba ɗaya, yadda aikin zai yi nauyin da za a miƙa wa na baya. Ta sake taɓa "mace". Wayar ta ɗan yi jim, ta rubuta: "Ladi na gidan Nima ya rasu. Za a yi jana'izarsa."

Ta ce, "Na taɓa mace! Ka gani da idonka!"

"Na gani."

Na bi abin a hankali, ina faɗa mata abin da nake yi, don in na yi shiru zan ji kunya fiye da haka. Na buɗe Ladin da ke hannun na baya, na buɗe wadda ya miƙo gaba, na jera su. Suna yana nan, unguwa tana nan, lokacin jana'iza yana nan. Na canza sunan ta gaba, ta baya ba ta motsa ba, wato da gaske mutum biyu ne, kwafi ce kawai. Sai na nemi jinsi. A ta baya yana nan. A kwafin babu shi, babu ma wurinsa.

Ga abin da ya faru. Lokacin da na gina abin, suna da unguwa a fili na rubuta su. Jinsi kuwa, don gwaninta, sai na ɓoye shi a ciki, na yi masa wata 'yar ƙofa da ake ƙwanƙwasawa a tambaya. Mai yin kwafi abin da ke fili kawai yake ɗauka, ba ya ɗaukar ƙofar, ba ya ɗaukar abin da ke bayanta. Na sake gwadawa, na manna ƙofar a jikin Ladi a fili. Nan take wayar ta ƙi, ta fito da jan rubutu cewa wannan ba ya kwafuwa. Da haka na gina shi tun farko, da ranar farko ta yi ihu. Amma yadda na gina shi, shiru take yar da shi ta wuce. Kuma can ƙasa na ga layin da na rubuta da kaina, don gudun wahala: in an tambaya ba a sami amsa ba, a sa "ya".

Adiza ta karɓi wayar ta koma kan tsoffin sanarwa. Ta karanta da ƙarfi, "Fati ya haihu. Memuna ya yi aure." Ta yi wata dariya marar daɗi, ta ce mini cale, wato aboki a bakinsu. "Cale, duk mun karanta, mun je suna, mun je biki. Ko mutum ɗaya bai ce komai ba."

Alhaji ya ce, "To me ya ɓaci a ciki? Fati bai haihu ba?"

Gyaran bai ɗauki lokaci ba, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan. Na fito da jinsi fili kusa da suna. Na goge layin nan, na sa in ba a ga jinsi ba, wayar ta tsaya ta ƙi turawa. Muka gwada da mutum kaɗan, muka gwada da kowa, namiji da mace, haihuwa da rasuwa. Daga ƙarshe Adiza ta goge Ladi, ta rubuta Baba. Rubutun ya fito: "Baba ta gidan Nima ta rasu. Za a yi jana'izarta." Tun da abin ya faru ban taɓa ganinsa a rubuce daidai ba. Na tashi na shiga ɗakin keken ɗinki na ɗan jima.

Da na fito na kira Malam, na buɗe muryar yadda kowa zai ji. Bayan gaisuwa na ce, "Malam, saƙon nan, ba Adiza ba ce. Mace ta taɓa. Aikina ne ya juya shi, na gwada yanzu a gabanta. Kuma tun a gida ina zargin haka, na yi shiru na bar ka kana faɗa."

Sai ya ce, "Ni da kai sai ka dawo. Tana nan?"

"Tana nan."

"Ba ni ita."

Na miƙa mata, ta girgiza kai, ta naɗe hannuwa a ƙirji. Alhaji ya aje carbinsa ya ce, "Karɓa. Kawunka ne." Ta karɓa.

Na zaci haƙuri zai fara bayarwa. Malam bai iya wannan ba. Abin da ya ce shi ne, "Hadiza." Shi kaɗai ke kiranta da cikakken sunan. "Da wane lokaci ta cika? Ta sha wahala?" Duk makonnin nan yana ta fushi, bai sami wanda zai tambaya ba.

Adiza ta zauna a bakin benci. Ta ce, "Bayan asuba ne, Kawu. Bai sha wahala ba. Ya sha koko kaɗan, ya ce in gyara masa filo."

"Ta yi magana?"

"Ya yi. Ya ce in an kira Zariya, kada a gaya wa Sale yana tsaye, a bari ya zauna tukuna."

Muka ji wani sauti daga wayar wanda ban taɓa ji daga bakin mahaifina ba. Adiza ta kashe muryar, ta kara wayar a kunne, ta shiga ɗakin uwarta ta saki labule. Ni da Alhaji muka zauna a waje. Har aka kira azahar ba ta fito ba, muka tafi masallaci muka bar su.